Fayil Biyu Masu Suna Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Ummina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, kina cikin kariyar Allah, ke da Gwaggonki Binta da duk mutanen gidanta. Allah Ya tsare min ke a hanyar zuwa aiki da ta dawowa, Ya raba ki da sharrin motocin Kano da na masu tuƙa su. Mu nan Kazaure lafiya lau, sai zafi da ya buɗe. Ba labarin gari na zauna ba ki ba. Wannan Innarki ta fi ni iyawa, kuma na san tana cika miki kunne da shi a waya.

Kin ga saƙon da na tura miki jiya, cewa kada ki miƙa wa mutanen wurin aikinku komai daga cikin kwamfutarki sai takardar nan ta iso hannunki. Kin amsa da "To, Baba." Na san irin wannan "to" ɗin naki, tun kina firamare kike yi min shi in hankalinki yana wani wuri. Shi ya sa na ɗauko biro. Malam Isiya direba zai kawo miki, na ce masa ko motarsa ta cika ya jira ni. Ga ni a bakin shago ina rubutu a kan gwiwata, in zauna in tashi, in leƙa tasha in dawo. In kin ga layin ya karkace ki yi haƙuri. Akwai abin da ya faru a gida, amma na ajiye shi sai ƙarshe, don in na fara da shi ba za ki karanta sauran ba.

Maganar ta akwatin Malam Ado ce, mai albasar nan na Roni. Kin san akwatin, shi ne ke zaune tsakanin farantan sola da sumon da ke jawo ruwa daga rijiyar gonarsa, manhajar da ke cikinsa ita ke ce wa sumo tashi ko tsaya. A cikinta akwai abin da ni da ke muke kira mai gadi, wanda in ya ji ruwa ya ƙare a rijiya yake kashe sumo don kada ya ƙone. To mai gadin Malam Ado ya cika zaƙewa. Da rana ta ɗan yi rauni, da hantsi ko da la'asar, sai ya ɗauka ruwa ne ya ƙare, ya tsayar da komai, albasa kuwa tana tsaka da sa kai. Kin kwashe makonki na ƙarshe a gida kina neman masa magani, kika ce kin samu. Kika ce kuma da kin isa Kano za ki miƙa gyaran ga ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki, tunda manhajar tasu ce, kuma a buɗe take, kowa na iya karanta rubutunta ya gyara ya mayar musu.

Ranar tafiyarki kin ba ni katin memori a tsaye, gwaggwanninki suna ta cusa miki daddawa da kuka da yaji a jaka. Kin yi min bayani, na gyaɗa kai, amma gaskiya idona yana kan akwatin kayanki da ake fitarwa, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Da na buɗe katin sai na tarar da fayil biyu, sunansu ɗaya sak, ɗaya a jakar da kika rubuta wa "sabo", ɗaya a "sabo na biyu". Na kira ki.

Na ce, "Ummi, wanne zan zuba wa Malam Ado?"

Kika ce, "Kowanne ka sa, Baba, duk ɗaya ne. Ana kirana, sai anjima."

Tun daga wannan lokaci hankalina bai kwanta ba. Ba don ban yarda da ke ba. Don na san wannan maganar ne, bakina ne ya fara furta ta tun ba a haife ki ba, kuma babu lokacin da na faɗe ta ban yi da-na-sani ba. Labaran da zan ba ki duk kin san su, Innarki ta mayar da su abin ba baƙi dariya. Yau ina so ki ji su ba a matsayin abin dariya ba.

Bari in fara maimaita miki kalmomina, kada Turancin ofis ya kore miki su. Fayil ɗin da wani ya riga ya haɗa, sai dai a ɗauka a zuba wa na'ura, shi nake kira dafaffe. Rubutun da ake haɗa shi da shi, wanda ke kike karantawa layi-layi ni kuwa sai ɗan tsintar abin da kika koya min, shi ne ɗanye. A yadda kika bayyana min, aikinki shi ne ki riƙe musu rumbun dafaffun, ki kuma riƙa dafa sababbi daga ɗanye ana gwadawa kafin a saki. Da kika faɗa min haka na yi murna, na kuma ji tsoro, don duk wanda yake riƙe da rumbu, abin da ya miƙo shi mutane ke karɓa ba tare da sun duba ba.

Lokacin da na bar gyaran rediyo na koma waya, filashin ne yake tashe. Waya ta rikice, ka nemo dafaffen fayil ɗinta ka zuba mata, ta farfaɗo, mai ita ya riƙa kallonka kamar ka san wani asiri. Fayilolin kuwa daga wajen wani abokina na kasuwar waya ta Kano nake kwaso su, shi ma wani ya ba shi, wancan ma bai san wanda ya dafa ba. Wata rana Alhaji Ilu na Babura, mai fataucin dabbobi zuwa tsallaken iyaka, ya kawo min wayarsa tana ɗaukewa. Na juya ta, na ga irin waɗanda nake yi kullum ce, suna ɗaya, gida ɗaya, har launi.

Ya ce, "Malam Habu, ka lura fa, wayar nan ba ta nan ba ce. A tsallake na saye ta, da sefa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ɗaya ne. Ka je ka sha shayi ka dawo."

Ban buɗe bayanta na duba allon ciki ba. Ban kwafe abin da ke cikinta na ajiye ba, don a ganina ɓata lokaci ne. Na zuba. Ta yi wani ɗan haske ta mutu, mutuwar da ba a dawowa. Ashe wadda ake kai wa can allonta daban, gida ne kawai iri ɗaya. Da ya dawo na gaya masa, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi min.

"To lambobin mutanena fa?"

Duk dillalansa da masu kiwon da yake hulɗa da su a tsallake suna cikin wayar nan, ga kasuwar Babbar Salla ta ƙarato. Ya karɓi gawar wayar ya sa a aljihu, ya ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, ya tafi. Shekaru bayan nan in ya shigo Kazaure sai ya tsaya ya gaishe ni da fara'a, sannan ya wuce shagon gaba ya ba da gyaransa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Saboda haka, Ummi, suna ba shaida ba ne. Duk dafaffen da zai shiga rumbunki, ki san wanda ya dafa shi, daga wane ɗanye, kuma don wane allo. Ki rubuta hakan a jikin sunansa da kuma gefensa, yadda ko mutum irina da bai yi nisa a boko ba zai gane. Doguwar lambar nan ta tantancewa da kika taɓa nuna min, wadda ke canjawa in an taɓa ko ɗigo ɗaya a fayil, kada ki raba ta da shi. Wanda aka rasa asalinsa ki ware shi gefe, ko da babban ogan ofishinku ne ya miƙo miki. Kuma kafin ki zuba sabo a kan kowace na'ura, ki kwafe tsohon da ke ciki. Na san kin san wannan, a makaranta ma an koya muku. Ni ma na sani ranar da na kashe wayar Alhaji Ilu.

Malam Isiya ya aiko wai saura mutum kaɗan. Na ce ya ƙara haƙuri.

Bayan wannan sai na tsani dafaffe. Ina amfani da shi don ba ni da zaɓi, amma raina ba ya so. Da aka fara yayin sola a gonakin rani, na koma gyaran akwatunan famfo, ke kuma lokacin kina makarantar fasaha, kika zo min da labarin cewa akwai manhajar da ɗanyenta ke a buɗe, mutum na iya dafa abinsa da kansa. Kin tuna yadda na tasa ki gaba sai da kika koya min? Ranar da na fara haɗa nawa a tsohuwar kwamfutar shago, kaina ya kumbura har hula ta nemi ta ƙi zama. Na riƙa gaya wa abokan sana'a cewa ni yanzu ba na cin girkin kowa. Na daina ko kallon dafaffen da ƙungiyar ke fitarwa.

Sai aka kira ni Gwiwa, akwatin tankin wani masallaci. Na dafa nawa na zuba. Akwati ya riƙa tashi yana mutuwa, yana tashi yana mutuwa, masu alwala sun yi layi da butoci suna kallona. Na dawo gida a fusace na ce manhajar mutanen nan ce ba ta da kyau, na sa ki dole ki rubuta musu ƙorafi da Turanci, har ina ce miki ki ƙara masa zafi. Wata mata ce ta amsa, daga wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce a gaya mata daga wane ɗanye aka dafa, da wane kayan haɗi, kuma in an zuba nasu dafaffen shi ma haka yake yi? Kina fassara min kina kallona ta gefen ido. Ko ɗaya ban rubuta na ajiye ba, balle in gwada nasu. Matar nan ta bar aikinta da iyalinta ta yi kwanaki tana haƙilon neman ɓarakar da babu ita a wajensu. Ƙarshe aka gano kayan haɗin da ke kwamfutata ne suka tsufa, suna karkatar da girkin. Aka zuba nasu dafaffen, akwati ya tashi lafiya lau. Abin da ya fi kashe min jiki, godiya ta yi mana, ta ƙara gargaɗi a cikin bayaninsu don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

To ki ji, kada ki raina dafaffen da aka riga aka gwada aka sani. Shi ne mudun da za ki auna naki da shi. In na'ura ta yi gardama, fara zuba mata sanannen. In ta yi aiki da shi ta ƙi da naki, kin san laifin yana gidanku, ba sai kin tayar da mutanen wata ƙasa tsaye ba. Abu ɗaya za ki riƙa canjawa a lokaci guda, don in kin canja uku ya gyaru ko ya lalace, ba ki san wanne ya yi ba. Ki rubuta yadda kika dafa, da kayan da kika dafa da su, ta yadda wani a wani gari zai bi ya sami abin da kika samu. In shi bai samu ba, to akwai abin da ke cikin kwamfutarki wanda ba ya cikin rubutun, ki nemo shi kafin ya nemo ki. Sannan ki raba musu wuri. Na ƙungiya daban, na gwajinki daban, kada ki bari su kwana a jaka ɗaya da suna ɗaya.

Mutanen nan da za ki yi aiki da su, da yawansu ba wanda yake biyansu, don son abin suke yi. Lokacinsu amana ne. Kada ki kai musu ƙorafi sai kin zo da amsar tambayoyin da aka yi min na kasa.

Labari na uku shi ne wanda Innarki ta fi so, na Hajiya Laure ta Achilafiya mai lambun gwaiba. Wannan karon na yi komai bisa ƙa'ida. Na dafa, na gwada a shago a kan akwatin gwaji, ya yi aiki kamar agogo. Ina shirin ɗaure kaya a babur sai shaiɗan ya raɗa min cewa in sa sunanta ya riƙa fitowa a ɗan gilashin akwatin in an kunna, ta ji daɗi, ta gaya wa ƙawayenta. Suna ne kawai, me zai ɓata? Na buɗe ɗanyen, na rubuta sunanta da laƙabinta da garinsu gaba ɗaya, na sake dafawa, ban sake gwadawa ba. Na isa lambu, na zuba, na ce ta matso ta ga abin mamaki. Akwati ya nuna rabin sunan ya sandare. Ashe gurbin da aka tanada bai kai tsawon abin da na cusa masa ba, ya malala ya taka abin da ke gefensa. Wanda na gwada kuwa na riga na zuba sabon a kansa, babu shi. Hajiya ta leƙa gilashin, ta leƙa bakin tiyo, ta dube ni.

Ta ce, "Malam Habu, ni ruwa na ce ka ba ni. Sunana ai na sani."

Na hau babur na dawo Kazaure a cikin rana na sake girki, bishiyoyinta kuwa suka wuni da ƙishi. Abin da kika gwada shi za ki aika, shi ɗin dai, ba ƙaninsa ba. Da kin taɓa shi, ko harafi ɗaya ne, ya zama baƙo, sai ya koma layin gwaji daga farko. Kuma gwajin da aka yi a kan tebur cikin sanyin ofis rabin gwaji ne. Akwatin nan a gindin faranti zai zauna, cikin ranar da ke narka dalma, ga rijiyar da ruwanta ke ja da baya kullum. Ki matsa musu su gwada a inda ruwa ke ƙarewa da gaske. In sun ce ba su da irin wannan wurin, ki ce musu babanki yana da su birjik.

Kada kuma ki goge tsofaffin dafaffu don neman wuri. Ni na goge nawa lokacin bikin yayanki don hotuna su samu masauki, daga baya masu tsofaffin akwatuna suka riƙa zuwa, sabon ba ya shiga nasu, na koma ina bin abokan sana'a ina roƙo. Mutanen ƙauye ba sa yar da na'ura don an yi sabuwa. Wanda ya sayi akwati da kuɗin albasar bara zai yi amfani da shi har sai ya ruɓe.

Na so in yi miki maganar zama da Gwaggonki, da cin abinci a kan lokaci, da sallar da ba na so aiki ya riƙa ture miki ita, amma kin girma, kuma tarbiyyarki ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abu ɗaya zan ce. Za ki zauna cikin mutanen da suka fi ki daɗewa a harkar, yawancinsu maza, wasu za su yi miki kallon 'yar ƙauye. Za ki ji kina so ki riƙa ba da amsa da sauri don kada a ce ba ki iya ba. Wannan saurin shi ne ya sa kika ce min duk ɗaya ne alhali ana kiranki. Da kin ce, "Baba, ban tuna ba, bari in duba," da ba ki ragu da komai a idona ba. Ki koyi faɗin haka a gabansu tun yanzu, kafin su saba da ke a matsayin mai amsa nan take.

Malam Isiya ya fara danna oda. To ga abin da na ajiye.

Ban zuba wa Malam Ado ko ɗaya ba. Na ɗauki babur na je Roni, na tarar da shi tsaye a kan kunya yana kallon faranti kamar zai yi musu magana. Ganyen albasar ya fara kwantawa a gefen da ruwa ba ya kaiwa.

Ya ce, "Malam Habu, ka zo da maganin 'yar tamu?"

Na ce, "Na zo da shi, amma ba zan sa ba tukuna. Akwai abin da nake so in tabbatar."

Ya ce, "Albasa ba ta san tabbatarwa ba. Kai dai ka sa, ai Ummi ba za ta ba mu abin banza ba."

Kin ji irin yardar da aka yi miki. Ita ce ta ƙara tsorata ni. Na je na aro masa injin ban ruwa na fetur wajen wani abokina, muka ɗaura, ruwa ya bi kwari, na ce ya lallaɓa da shi zuwa 'yan kwanaki. Mai injin kuwa ya ce ranar Juma'a yake son abinsa, shi ma tumatirinsa na jira.

Da na dawo sai na ce tunda akwatin gidanmu irin nasa ne, kuma rijiyarmu a wannan zafin ba ta daɗewa take ja da baya, bari in gwada a kanmu. Na kwafe tsohon na ajiye. Na zuba na jakar "sabo", na kunna, na tsaya a bakin rijiya har ruwa ya yi ƙasa. Mai gadi ya ji, ya kashe sumo kamar yadda ya kamata. Washegari da rijiya ta taru na zuba na "sabo na biyu". Ya tashi da ƙarfi, ruwa na zuba a tanki, har na fara cewa a raina wataƙila dai yarinyar nan ta yi gaskiya, tsufa ne ke damuna. Aka kira azahar. Na ce bari in je masallaci in dawo, tunda ɗan'uwansa jiya ya tsaya da kansa. Kin ga ni ma na sake faɗin maganar nan, a zuci wannan karon.

Tun daga zaure na jiyo ƙauri. Innarki tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu.

Ta ce, "Malam, abin nan naka tun ɗazu yake wani irin kuka, ban san inda ake kashe shi ba."

Ruwa ya ƙare, sumo bai tsaya ba, ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Da na jawo shi sama ko taɓa shi ba a iya yi. Na zauna a bakin rijiya, sai na tuna wata rana a makon nan naki na ƙarshe, kina zaune a tabarma da kwamfuta a cinya, kika ce, "Bari in cire mai gadin gaba ɗaya in gani ko shi ne ke kawo matsalar." Ina zaton wannan gwajin ne ya dafu ya zauna a "sabo na biyu" da suna irin na ɗan'uwansa. Zato nake yi, ke ce za ki tabbatar. Na jakar "sabo" kuma na san mai gadinsa na nan, amma ban sani ba ko gyaranki na ciki ko kuwa na ƙungiya ne yadda yake, don babu abin da aka rubuta a jikinsa.

Innarki ce ta hana in gaya miki a waya. Ta ce za ki fashe da kuka a gaban baƙi a makonki na farko. Ni kuma ban rubuto don ki yi kuka ba. Rabin laifin nawa ne, ni na bar na'ura tana gwaji na tafi. Sumo ƙarfe ne, za a sake wani in Allah Ya hore. Abin da ke hana ni zama shi ne, fayil ɗin nan yana cikin kwamfutar da kika tafi da ita, kuma kin ce a makon nan za ki miƙa gyaranki. In ya shiga rumbun ƙungiya da wannan sunan, ba Malam Ado kaɗai ba ne. Akwai irina a garuruwan da ba ki sani ba, masu gyara da ba sa iya karanta ɗanye, za su sauke shi su zuba wa manoman da suka yarda da su, su tafi masallaci.

Don haka ga abin da nake so, yau ba gobe ba. Ki buɗe su biyun ki gano wanne ne wanne. Marar mai gadin ki canja masa suna da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai ji tsoronsa, ko ki kashe shi. Ki koma ɗanyen da ke da gyaranki na gaskiya ki dafa sabo, ki sa masa suna da lamba, ki gwada, ki turo min tare da lambar tantancewarsa kafin Juma'a. Zan fara zuba shi a akwatin gwaji, in ɗauki sumon shago in sa a rijiyarmu, in zauna a bakinta har ruwa ya ƙare a kan idona, sallar ma a nan zan yi ta. Sai ya wuce wannan zai ga hanyar Roni. Sannan ki gaya wa mutanen ofishinku abin da ya faru, da bakinki, kada ki rage komai. Matar nan da na ɓata wa kwanaki godiya ta yi, ina kyautata zaton su ma haka za su yi. In ma ba su yi ba, ki faɗa.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin ruwa a gonakin mutane, Ya tsare ki daga gaggawa da jin kunyar tambaya, Ya kare ki a fita da shiga, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara.

Innarki tana gaishe ki. Ta ce kada ki damu da ruwa, gugan da na yi ta ce mata ta yar tun da aka sa sola ashe ɓoye shi ta yi a bayan rumbu, da shi take ja yanzu. Na ga tafin hannunta da safen nan, igiya ta fara yi masa kanta. Ta ce kada in rubuta miki wannan, amma na rubuta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Habu mai gyara, bakin tasha, Kazaure.